Yadda na fito da bayanan firosesa a shafin gudanarwar sabar

Sabar ce mai gurbin firosesa biyu, ɗaya a cike ɗaya babu kowa. Wanda ke ciki Xeon Gold 6338 ne, daga zuriyar Ice Lake da Intel ya fitar a 2021, mai cibiyoyi 32 da zaruruwa 64. A gefen babban allon akwai wani ɗan guntu, ASPEED AST2500, shi ne BMC: ƙaramar kwamfuta mai zaman kanta da ke gadin babbar. Tana da nata Linux, da nata layin sadarwa, kuma muddin wayar wuta na jone tana nan a farke ko da an kashe sabar. Manhajar da ke kanta OpenBMC ce, wadda ke ƙarƙashin Linux Foundation tun 2018. Abin da ake nema bai da yawa: mai kula da sabar ya buɗe burauza, ya shiga shafin kayan ciki, ya ga wane firosesa ne a wane gurbi, cibiyoyi nawa, wane gudu, lafiyarsa ƙalau ko a'a. Da na buɗe shafin karon farko, teburin firosesa fayau yake, ko layi ɗaya babu.

Wanda bai saba ba, kan shafin zai fara dira. Ni ma da na yi haka da na ɓata yini. BMC ba ya leƙa firosesa ya karanto sunansa. Yawancin abin da yake nunawa ji ya yi daga bakin BIOS, manhajar da ke fara tada babbar sabar. Lokacin da sabar ke tashi, BIOS yana haɗa wani tebur na bayanan kayan injin mai suna SMBIOS, ya aika wa BMC kwafinsa ta IPMI, ƙa'idar da sabar da BMC ke magana da ita. A kan BMC wata manhaja mai suna smbios-mdr ta karɓa, ta ajiye a fayil, ta warware shi, ta baza abin da ta samu a D-Bus, wato layin da manhajojin OpenBMC ke magana da juna a kai. Daga nan bmcweb, mai amsa buƙatun yanar gizo a kan BMC, ya ɗauka ya mayar da shi rubutun bayanai na JSON bisa ƙa'idar Redfish, wadda ƙungiyar DMTF ta fitar a 2015. A can ƙarshe ne webui-vue, manhajar shafin burauza, ke zana teburin da ido ke gani. Hannu biyar ke nan, kuma kowane hannu yana iya yar da kaya ko ya sauya shi. Don haka na faro daga tushe.

Na shiga Linux ɗin babbar sabar na buga wannan:

dmidecode -t 4

Nau'i na 4 a SMBIOS shi ne bayanin firosesa, rubutu ɗaya ga kowane gurbi. Na kwafe sakamakon na ajiye gefe, domin da shi zan auna duk abin da zai fito a sama. Gurbi biyu suka bayyana, na farko a cike, na biyu babu komai. To BIOS ya san gaskiya. Saura a ga ko ya faɗa wa BMC.

A kan BMC na duba /var/lib/smbios/smbios2. Babu fayil ɗin. Ruwa ba ya tsami banza: hanyoyi biyu ake bi wajen aiko da teburin, ko dai umarnonin MDR na biyu da Intel ya tsara, ko kuma hanyar blob ta IPMI. BIOS ɗin wannan allo da ta farko yake magana, ni kuwa hoton manhajar da na gina da Yocto, kayan aikin gina Linux ɗin BMC, ta biyun kaɗai na kunna a cikinsa. BIOS na ƙwanƙwasa ƙofa, babu mai amsawa, sai ya wuce abinsa ya ci gaba da tada sabar ba tare da wani ƙorafi ba. Wannan shiru shi ke ruɗa mutane, domin babu jan rubutu a ko'ina. Na ƙara ɓangaren da ke amsa umarnonin MDR a girke-girken Yocto, na sake gina obmc-phosphor-image, na ɗora. Fayil bai fito ba har sai da na sake kunna babbar sabar, tunda a lokacin tashi kaɗai BIOS ke aikowa. Sake kunna BMC shi kaɗai ba ya kawo komai.

Da fayil ya samu, sai na tambayi D-Bus:

busctl tree xyz.openbmc_project.Smbios.MDR_V2

Ga cpu0 da cpu1 a ƙarƙashin /xyz/openbmc_project/inventory/system/chassis/motherboard, tare da jerin gurabun ƙwaƙwalwa, wato DIMM. Na bi da busctl introspect a kan cpu0 don in ga abin da ke jikinsa. Bayanan ba a wuri ɗaya suke ba, an rarraba su ne a fuskoki daban-daban. Fuskar Inventory.Item.Cpu ita ke riƙe da Socket, Family, Id, CoreCount, ThreadCount da MaxSpeedInMhz. Sunan kamfani da lambar siriyal da lambar kaya suna cikin Decorator.Asset. Ko firosesa yana nan ko ba ya nan, wannan Present ne a Inventory.Item. Lafiyarsa kuma Functional ce a OperationalStatus. Ya kamata mutum ya haddace wannan rabon, domin idan fili ɗaya ya ɓace a shafi, a nan zai gane wace fuska ce ba a cika ba.

Shi bmcweb bai san smbios-mdr ba, kuma bai damu ya sani ba. Mai taswira yake tambaya, wato ObjectMapper: wa ke da wani abu mai fuskar Cpu a ƙarƙashin inventory? Ana iya yin tambayar da hannu:

busctl call xyz.openbmc_project.ObjectMapper /xyz/openbmc_project/object_mapper xyz.openbmc_project.ObjectMapper GetSubTree sias /xyz/openbmc_project/inventory 0 1 xyz.openbmc_project.Inventory.Item.Cpu

Idan wannan ya dawo babu komai, shafi ma babu abin da zai nuna, ko da busctl tree ya nuna abubuwan. Dabarar nan ita ta sa bmcweb ɗaya ke aiki a injinan IBM masu POWER, inda bayanan ke zuwa ta wata hanya dabam ba SMBIOS ba. Sunan ƙarshe na hanyar, cpu0, shi ke zama sunan firosesa a Redfish. Saboda haka in manhajoji biyu suka baza abu mai suna cpu0 a hanyoyi daban, an sami tagwaye masu suna ɗaya, kuma wanda bmcweb ya fara cin karo da shi zai ɗauka.

Daga kwamfutata na buɗe zama ta hanyar aika POST zuwa /redfish/v1/SessionService/Sessions, na karɓi X-Auth-Token daga kan amsar, sannan na nemi /redfish/v1/Systems/system/Processors/cpu0 da curl. JSON ya zo, shafin burauza ma ya cika. A nan ne aikin gaske ya fara, domin cikar tebur ba ita ce daidaituwarsa ba.

Gudu ne ya fara ba ni tuntuɓe. Shafi ya ce MaxSpeedMHz 4000. Gold 6338 kuwa asalin gudunsa 2000 ne, in ya ƙure a turbo ya kai 3200. Daga ina 4000 ta fito? Daga bayit na 14h (h na nufin lambar a lissafi mai tushe 16 take) a rubutun nau'i na 4, kuma BIOS bai yi ƙarya ba. Ƙa'idar SMBIOS ta ce wannan fili shi ne mafi girman gudun da tsarin ke iya ɗauka a wannan gurbi, ba lallai gudun guntun da aka dasa ba. Redfish kuma ya fassara MaxSpeedMHz da mafi girman gudun firosesan kansa. Suna kusan ɗaya, ma'ana ta ɗan goce. Na gwada dmidecode, shi ma 4000 ya ce, to hannuwan da ke tsakani ba su ɓata komai ba. Akwai wani fili kusa da shi a 16h, gudun lokacin tashi, ya nuna 2000. Shi ma kada a ɗauka gudun yanzu ne, hoto ne da aka ɗauka sau ɗaya lokacin da BIOS ke aiki. Ban taɓa lambar ba. Abin da na gyara shi ne rubutun da ke kan shafi, ya zama yana cewa iyakar gudun gurbi. A ganina gara a sa wa lamba sunanta na gaskiya da a ƙirƙiro wata daga sunan samfur.

Sai lambar shaida, wadda ta fi kowace daɗin warwarewa. dmidecode ya nuna ta kamar haka:

A6 06 06 00 FF FB EB BF

Bayit takwas ne daga 08h. A injinan x86, huɗun farko su ne abin da umarnin CPUID ke sakawa a rajistar EAX, huɗun baya kuma EDX. Ƙaramin bayit ke zuwa farko, don haka sai an karanta daga dama: EAX ya zama 000606A6. Bit huɗu na ƙasa su ne mataki, 6. Huɗu na gaba samfur, A. Na gaba dangi, 6. Daga bit 16 zuwa 19 akwai ƙarin samfur, shi ma 6, wanda ake ɗorawa a gaban A ya zama 6A, wato 106 a lissafin yau da kullum. Dangi 6, samfur 106, mataki 6: Ice Lake na sabar ke nan, kuma haka dmidecode ya rubuta a layin sa hannu. Wanda ya manta da ƙarin samfur zai sami 10 kawai, lambar da ta dace da wani tsohon firosesa na zamanin Pentium. Ga AMD kuwa dangin ne ke da ƙari: EPYC na zuriyar Rome yana ba da 00830F10, inda ake tara F da 8 a sami 17h, samfur kuma 31h.

Akwai wani tarko a kalmar dangi. SMBIOS yana da nasa lambar dangi a 06h, wadda ba ta da alaƙa da ta CPUID. A can B3h na nufin Xeon, 6Bh na nufin Zen, 02h na nufin ba a sani ba, FEh kuma na nufin a je 28h a karanta bayit biyu. Filin EffectiveFamily na Redfish abin da mai ƙera guntu ya bayar yake so. Idan ka ga B3 a wurin, ka san lambar SMBIOS ce ta biyo hanya. Na tabbatar 6 ce ke fita, sunan Xeon kuma ya tafi inda ake sa suna.

Gurbin da babu kowa ya fito daidai, amma sai da na bi sawunsa. Bayit na 18h shi ke faɗa. A cpu0 41h ne: bit na 6 a kunne, wato akwai guntu a gurbin, ƙananan bit uku kuma 1, wato yana aiki. A cpu1 sifili ne. Wannan ya zama Present ƙarya a D-Bus, bmcweb kuma ya mayar da shi State Absent. Ƙananan bit ɗin suna da wasu ma'anoni da ke da amfani: 2 mai amfani ne ya kashe shi daga saitin BIOS, 3 BIOS ne ya kashe shi saboda ya faɗi gwajin tashi. Na ukun nan shi ya kamata ya kunna jan fitila, domin idan Functional ya zama ƙarya bmcweb yana sa Health ya koma Critical. Kuskure ne babba a haɗa gurbi marar kowa da firosesa mai ciwo a tukunya ɗaya. Sabar da aka saya da guntu ɗaya za ta yi ta kukan ƙarya, har masu kula su daina waiwaye.

Abin da ya rage a cpu1 shi ne tarkace: TotalCores 0, gudu 0, da sunan kamfani wanda ba komai ba ne sai rubutun cike gurbi da mai BIOS ɗin ya bari. A Redfish, abin da ba a sani ba cire shi ake yi ko a sa null. Sifili magana ce, yana cewa an ƙirga an sami babu. Manhajar ƙidayar kaya da ke zagaya ɗaruruwan sabobi ba za ta tsaya tambaya ba, tarawa za ta yi ta raba, ta fitar da matsakaicin da ba shi da kai. Na sa sharaɗi: in Present ƙarya ne, a bar Id da Name da Socket da Status kawai. Shafin kuma da kansa yake sa alamar -- a inda babu bayani.

Da na kashe cibiyoyi takwas daga saitin BIOS don gwaji, shafi ya ci gaba da cewa 32. Ba laifi ba ne, CoreCount daga 23h yake zuwa, adadin da ke jikin guntun. Waɗanda ke kunne suna 24h, kuma Redfish yana da fili dominsu, TotalEnabledCores. Masu biyan lasisin manhaja bisa yawan cibiyoyi wannan suka fi buƙata, don haka na ƙara shi a kwafina. Fili ɗaya, amma wuri huɗu na taɓa. Na farko fayil ɗin YAML na fuskar Cpu a phosphor-dbus-interfaces, inda ake faɗin suna da nau'i. Na biyu smbios-mdr, ya karanta bayit ɗin ya cika. Na uku redfish-core/lib/processor.hpp a bmcweb. Na huɗu ProcessorStore.js da teburin firosesa a webui-vue. Da devtool modify na ciro kowanne, kuma dole a bi su a jere, domin smbios-mdr ba zai ginu ba sai an sake haifar da kawunan C++ daga YAML ɗin.

Wajen karanta adadin akwai abin lura. Bayit ɗaya iyakarsa 255. Tun SMBIOS 3.0 aka ƙara filaye masu bayit biyu a 2Ah, 2Ch da 2Eh, ƙa'idar kuma ita ce idan tsohon fili ya nuna FFh a koma sabon. Shekarun baya wannan kamar tatsuniya yake. Yau EPYC 9754 yana da cibiyoyi 128 da zaruruwa 256, ya zarce bayit da ɗaya tak. Kafin a taɓa sababbin filayen kuma sai an duba tsawon rubutun a 01h. Tsohon BIOS yana aiko gajeren rubutu, kuma abin da ke bayansa haruffan sunaye ne. Wanda ya karanta su a matsayin lamba zai ga firosesa mai cibiyoyi dubu ashirin da wani abu.

A bmcweb ne na yi wa kaina ƙafar ungulu. A YAML na ce uint16, a C++ na karɓa da uint32. Ya ginu lafiya lau, domin D-Bus a lokacin aiki yake duba nau'i. Da na nemi cpu0 sai amsa ta dawo 500, InternalError, kuma ba sabon filin kaɗai ya ɓace ba, firosesan gaba ɗaya ya tafi. Dalili shi ne unpackPropertiesNoThrow yana warware filayen fuskar a tare, in ɗaya ya saɓa duka ya ce a'a. Shafin burauza bai nuna wani kuskure mai ma'ana ba, teburin dai ya koma fayau kamar ranar farko. journalctl -u bmcweb ne ya ambaci sunan filin. Hanya mafi sauƙi ta kauce wa wannan ita ce kallon ginshiƙin nau'i a busctl introspect kafin a rubuta layi ko ɗaya: q shi ne uint16, u shi ne uint32, t shi ne uint64, s kuma rubutu.

Wani abu game da bmcweb da ke kama sababbin hannu: zare ɗaya yake gudu a kai, kan Boost.Asio. Duk kiran D-Bus sai ya zama wanda ba ya jira, a ba shi aikin da zai yi idan amsa ta zo. Amsar HTTP kuma tana tafiya ne a lokacin da mai riƙe da asyncResp na ƙarshe ya sake shi, asyncResp kuwa shi ne abin da ake tara amsar a cikinsa. In ka manta ka kama asyncResp a cikin lambda, wato aikin nan da ke jiran amsar D-Bus, amsa za ta tashi kafin bayaninka ya iso. In ka yi kira mai jira, duk wanda ke kan BMC ɗin zai tsaya tare da kai, har da mai kallon allon sabar daga nesa. AST2500 cibiya ɗaya ce ta ARM11 a kan 800 MHz, ba ta da ƙarfin ɓarnatarwa.

Ban riƙa ɗora cikakken hoto a kowane gyara ba, zai cinye lokaci. Na gwada yawancin canjin bmcweb a QEMU, manhajar da ke kwaikwayon BMC ba tare da injin gaske ba, na karkata tashar 443 zuwa 2443 a kwamfutata. QEMU ba shi da babbar sabar da za ta aiko tebur, sai na kwafo smbios2 daga injin gaske na ajiye masa a wurin. Wannan fayil ɗin ya zama abin gwaji mai kyau, domin ana iya canza bayit ɗaya a ciki, 41h ya koma 43h misali, a ga ko jan fitila zai kama. Ya kama. Daga ƙarshe na saki Redfish-Service-Validator na DMTF a kan reshen Processors. Ya kama ni da abu ɗaya: na sa filin mataki a matsayin lamba, alhali filayen ProcessorId rubutu ne a ƙa'ida. Burauza ba ta damu ba, amma manhajar da aka gina bisa ƙa'idar za ta ƙi karɓa. Ya kuma kamata lambar siga da ke cikin @odata.type ta kai wadda aka fara shigar da sabon filin a cikinta.

Lambar siriyal ta bar ni da tunani. Abin da BIOS ya sa a 20h bai da amfani a wannan allo. Xeon yana da lamba tasa ta musamman mai bit 64, PPIN, wadda BMC ke iya karantowa kai tsaye ta PECI, layin da ke haɗa shi da firosesa, Redfish kuma yana da mazauninta a ProtectedIdentificationNumber. Tana da amfani wajen mayar da guntu mai matsala ga mai shi. Sai dai duk mai izinin Login, har mai karatu kawai, yana ganin shafin firosesa. Samfur da mataki da sigar microcode su ne abin da mai neman ɓaraka ke fara tambaya, domin da su zai san wane rauni ne ba a toshe ba. Na gwada neman shafin ba tare da token ba, ya dawo 401, haka ake so. Kalmar sirrin da OpenBMC ke zuwa da ita kowa ya san ta, na canza ta tun ranar farko, BMC ɗin kuma yana kan layin gudanarwa na daban wanda ba ya fuskantar intanet.

Gwaji na ƙarshe shi ne dasa guntu na biyu. Na kashe sabar, na cire wuta, na sa wani Gold 6338 a gurbin da ke fayau, na mayar da wuta ba tare da na kunna ba. BMC ya tashi, ya karanta tsohon fayil ɗinsa, shafi ya ce cpu1 Absent, alhali ga guntun nan a zaune ƙarƙashin abin sanyaya shi. Haka zai ci gaba da faɗa har BIOS ya sake magana. Na danna kunnawa, bayan mintuna kaɗan na gwajin ƙwaƙwalwa sabon tebur ya iso, cpu1 ya koma Enabled da cibiyoyi 32, Count na ProcessorSummary a /redfish/v1/Systems/system ya tashi daga 1 zuwa 2. Saboda wannan giɓin na ƙara ɗan layi a saman teburin, yana nuna ranar da sa'ar da aka rubuta smbios2 na ƙarshe, tare da cewa bayanan na tashin sabar na baya ne.